Turke da doguwar igiya: amsa ga mai son sanin komai

Tambaya: Likita, na gama digiri a fannin nazarin ƙwayoyin cuta, yanzu ina hidimar ƙasa. Damuwata ita ce ba na iya tsayawa a kan abu ɗaya. Ina karanta tarihi, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta, ina ɗaukar karatun nahawu bayan magariba, kwanan nan kuma ilimin falaki ya fara jan hankalina. Kawuna ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in ban tsaya wuri ɗaya ba zan tsufa ban zama kowa ba. Shin wannan hali aibi ne da ya kamata in yaƙa, ko kuwa baiwa ce?

Amsa: Ƙanena, tambayarka ta zo gidanta, domin na fi shekara ashirin ina aikin likitan iyali, wato likitan da mara lafiya ke fara zuwa wajensa tun kafin a san ko ciwon nasa na zuciya ne, ko na ƙoda, ko kuwa damuwa ce ta hana shi barci. A wuni ɗaya nakan duba jariri mai zawo, da mai juna biyu, da dattijo mai ciwon sukari, da ɗan achaɓan da ya karye. Saboda haka na daɗe ina cin amfanin sanin abubuwa da yawa, na kuma ɗanɗani ɗacinsa. Abin da na yi imani da shi shi ne halinka baiwa ne, kuma kawunka ya faɗi gaskiya, maganganun biyu ba sa karo da juna. Makiyayi yakan ɗaure dabbarsa da doguwar igiya don ta yi kiwo yadda take so, amma igiyar tana da turke. Ba na so ka rage tsawon igiyarka. Abin da nake nema a wajenka shi ne ka kafa turke.

Bari in fara da amfanin, da wani abin da ya faru a ƙasarmu wanda har yau ke sosa zukatan ma'aikatan lafiya. A farkon shekarar 2010, yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, sai rai ya yi halinsa. Duk likitan da ya ga irin wannan a lokacin zafi a ƙasar Hausa, abu biyu ne za su fara zuwa ransa: zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. An ba da magungunan waɗannan cututtuka, yaran ba su ji sauƙi ba. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda dama suna yankin suna sa ido kan sanƙarau, suka ga abin ya wuce misali, kuma da aka gwada jinin yaran sai aka tarar da gubar dalma mai yawan gaske. Binciken da aka yi daga baya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta kai akalla 400.

To daga ina dalma ta zo ƙauyen da babu masana'anta? A nan ne ilimin likitanci kaɗai ya tsaya. Amsar tana warwatse a hannun mutane daban-daban. Masanin duwatsu ya san cewa dutsen da ake haƙowa don neman zinariya a wasu ramukan yankin yana ɗauke da dalma. Mai bin harkar kasuwa ya san farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a waɗannan shekaru, har manoma da yawa suka koma haƙar ma'adinai. Wanda ya san zaman gidan Bahaushe kuwa ya san cewa aikin da mata za su sa hannu a cikinsa, cikin gida ake kawo shi, don haka a tsakar gida ake fasa dutsen, a daka shi a turmi, a niƙa shi da irin injin niƙan hatsi, a shanya garin a inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Akwai ma wata alama da ta riga mutuwar yaran: agwagin ƙauyukan sun yi ta ƙarewa, mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki mutuwar agwagwa a matsayin labarin da ya shafi asibiti. Har wajen magani ma haka abin ya kasance. Akwai maganin da ke kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da wani amfani mai ɗorewa in yaron zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba, don haka sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai a 2013 aka yi masa wannan aiki.

Duk lokacin da na tuna wannan, nakan ce da a ce akwai mutum ɗaya a kusa wanda ya san jikin yaro, yake kuma da ɗabi'ar tsayawa ya tambayi mai niƙa abin da yake niƙawa, ya tambayi uwar gida inda agwaginta suka tafi, da wataƙila an gano bakin zaren da wuri. Wannan shi ne aikin mai faɗin sani. Matsalolin duniya ba sa zuwa a rarrabe yadda jami'a ta rarraba sassanta, a cakuɗe suke zuwa, kuma wanda ya leƙa ɗakuna da yawa shi ne ke iya gane cewa mabuɗin wannan ƙofa yana rataye a wancan ɗakin. Hausawa ba su yi kuskure ba da suka ce matambayi ba ya ɓata.

Kuma kada wani ya sa ka ji kamar wannan hali baƙo ne a wajenmu. Malamanmu suna da sunan da suke kiran irin wannan mutum, su ce wane mutafannini ne, kuma yabo ne babba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan tarihin ƙasashen nan, da shari'a, da tsarin mulki, da magani, har da ciwon ido da basir, alhali yana riƙe da daula. Baturen nan matafiyi, Kilafaton, da ya koma Sakkwato a zuwansa na biyu, ya kai masa kyautar littafin lissafin Iƙlidis da aka fassara zuwa Larabci. Ya rubuta cewa wata safiya ya same shi zaune da littafin a gabansa, kuma Bello ya gaya masa cewa gidansu dama suna da kwafi ɗaya da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi. Ka dubi wannan da kyau: sarkin da ke fama da yaƙi da shari'ar jama'a, ga shi da sassafe yana duba littafin kusurwa da da'ira.

Sai dai akwai abin da masu kafa hujja da waɗannan bayin Allah suke tsallakewa, kuma a nan maganar kawunka take shigowa. Ta yaya aka gina su? Kai da kake zuwa zaure bayan magariba ka san amsar. Almajiri yakan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari, ya wuce Ishmawi, sannan Iziyya da Risala, kafin a yi maganar Askari ko Muhtasar. Malam ba ya barin ka ɗauki sabon karatu sai ka biya na jiya, in ka yi tuntuɓe a wasali ɗaya ya mayar da kai baya. Wanda ya sauke fiƙihu yana son nahawu da lugga sai ya ɗauki buzunsa ya nufi Zariya, mai son hadda ya yi gabas, ya zauna shekaru a gaban wanda aka sallama wa a wannan fanni. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar ɗan littafi guda wanda a cikinsa ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka a wajen kowannensu. Mutafannini na gaskiya ya tara fannoninsa ɗaya bayan ɗaya ne, kowanne a gaban mai gyara masa. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, amma mai haƙuri yana iya cinye kwando.

Haka abin yake ga Albiruni, wanda a ganina ba a yi mai faɗin sani kamarsa da yawa ba. An haife shi a 973 a yankin Khuwarizm, a ƙasar Uzbekistan ta yau. Ya yi rubutu a kan kalandun al'ummu, da nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja, da magunguna, ya kuma auna girman duniya daga kan wani tsauni a Nandana, a Fakistan ta yanzu, ta hanyar auna tsawon tsaunin da kusurwar da ido ke sauka zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa. Bayan Sarki Mahmud na Gazna, a ƙasar Afganistan ta yau, ya tafi da shi a 1017, lokacin ya haura shekara arba'in, ya zauna ya koyi Sanskirit, harshen littattafan malaman Indiya, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, wanda masana ke amfani da shi har gobe. Amma in ka duba rayuwarsa za ka ga turken a fili. Tun yana saurayi lissafi da falaki ya ƙware a kai a hannun malaminsa Abu Nasr Mansur, kuma ta wannan ƙofa ya shiga Indiya, domin babban kaso na littafin nasa a kan lissafinsu ne da falakinsu da ƙidayar zamaninsu. Da yake ya san fanni ɗaya har ƙasansa, ya san yadda tabbataccen sani yake, saboda haka da ya shiga fannin da ba nasa ba yana iya bambance abin da ya tabbatar da abin da aka gaya masa kawai.

Wannan bambancewa ita ce gaba ɗayan maganar, kuma rashinta ne babban haɗarin da ke gabanka. Sanin sama-sama yana da daɗi a baki irin daɗin sani mai zurfi, mai shi ba ya jin bambanci daga ciki. Zan ba ka labarin da har yau yake min nauyi. A shekaruna na farko a wani asibitin karkara, lokacin annobar ciwon idon nan da ake kira afolo, wata dattijuwa ta zo da jan ido ɗaya, tana kuka da ciwon kai, ta ce ta yi amai sau biyu da dare. A ranar na riga na ga masu jan ido sun fi goma. Na ɗaga fatar idon na duba, na rubuta mata maganin ɗigawa, na ce ta dawo bayan mako. Bayan kwana huɗu ɗanta ya dawo da ita yana riƙe da hannunta. Da na kai ta wajen likitan ido, bai ce min komai ba tukuna. Ya sa ta rufe ido, ya ɗora yatsunsa biyu a kan fatar a hankali, sannan ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Idon ya yi tauri kamar dutse, ɗayan kuwa da laushinsa. Hawan jinin ido ne mai zuwa farat ɗaya, inda ruwan cikin ido ke rasa hanyar fita, matsi ya taru ya danne jijiyar gani, kuma awoyi ake ƙirgawa a cikinsa. Ganin wannan ido bai dawo ba. Na karanta ciwon a makaranta, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci, kuma da za ka tambaye ni a ranar da na ce na san shi. Yatsuna ne ba su san shi ba. Tun daga ranar ban ƙara sallamar mai jan ido ba sai na taɓa, na tambaye shi ko yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, kuma na koyi cewa rabin aikin likita irina shi ne sanin inda iyakarsa take da tura mara lafiya gaba da wuri.

Manyan masana ma ba su tsira daga wannan ba. Linus Pauling, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai a 1954, ya sake cin ta zaman lafiya ta 1962, ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana yaɗa cewa shan bitamin C mai yawa yana maganin mura har yana taimakon masu ciwon daji. Gwaje-gwajen da asibitin Mayo ya buga a 1979 da 1985 ba su ga amfanin da ya faɗa ga masu ciwon daji ba, amma bai janye ba, kuma mutane da yawa sun bi shi saboda girman sunansa a wani fanni daban. Ka gwada wannan da halin Imam Suyuɗi, malamin Masar da ya rasu a 1505, wanda littattafansa suka cika zaurukanmu. Da yake ba da tarihin kansa ya ambaci fannoni bakwai da ya ce an ba shi zurfi a cikinsu, sannan ya faɗa a fili cewa lissafi shi ne abu mafi wuya a gare shi, in ya dubi mas'alar lissafi ji yake kamar dutse ake so ya ɗauka. Mutumin da ya rubuta ɗaruruwan littattafai bai ji kunyar shata iyakarsa ba. Wannan ladabi nake so ka ɗauka tun yanzu, domin mai son sanin komai yana da saurin zama mai fatawa a kan komai, musamman a zamanin da ake tafa wa wanda ya fi saurin magana.

Zamanin ma ya ƙara wa abin wuya ta wata fuska. A da, mai son falaki sai ya yi tafiya ya nemi malami, wahalar tafiyar kanta tana tace masu sha'awar kwana biyu. Yau da wayar hannunka za ka kalli bayanin minti goma a kan taurari, ka wuce zuwa daular Usmaniyya, ka wuce zuwa yadda ake rubuta manhaja, ka kwanta kana jin ka yi karatu. Babu wanda ya ce ka biya, babu wanda ya mayar da kai baya. Ga wani ma'auni da nake amfani da shi a kaina: duk fannin da ba a taɓa kama ni da kuskure a cikinsa ba, ban fara koyonsa ba tukuna, yawon buɗe ido nake yi. Yawon buɗe ido halal ne, yana wartsake ƙwaƙwalwa, amma a kira shi da sunansa.

Sai maganar abinci, wadda na tabbata ita ce ainihin abin da ke ran kawunka. Tsarinmu ba ya yi wa mai faɗin sani tanadi. Tun daga aji huɗu na sakandare ake raba yara, wannan kimiyya, wancan adabi, jarrabawar shiga jami'a ta ƙara ƙunƙunta hanyar, sannan mai ɗaukar aiki ya tambaye ka abu ɗaya da ka iya wanda zai biya ka a kansa. A jami'a ma ƙarin girma yana bin rubuce-rubucen da mutum ya yi a fanninsa. Ba na ganin wannan zalunci ne gaba ɗaya, domin wanda zai ba ka amanar ɗakin gwaje-gwajensa yana da haƙƙin ya san hannunka ya faɗa. Abin da na lura da shi a tsawon aikina shi ne ƙwarewa a abu ɗaya ita ke shigar da mutum ƙofa, faɗin sani kuma shi ke ɗaga shi bayan ya shiga, lokacin da aka fara neman wanda zai shugabanci mutanen da ba sa jin yaren juna, ya zauna da injiniya da akanta da mai unguwa ya fahimci kowa. Amma shekarun farko suna da ɗaci. Za ka ga abokan karatunka da suka bi layi ɗaya sun riga ka samun suna, kai kuma kana baƙo a kowane taro, masu tarihi suna ganin ka ɗan kimiyya, 'yan kimiyya suna ganin hankalinka a rabe yake. Ka shirya wa wannan, kada ya zo maka ba zato.

Dangane da halin da kake ciki, ga abin da zan ce da kai ƙanena ne na ciki ɗaya. Turkenka ya riga ya samu, shi ne nazarin ƙwayoyin cuta, tunda ka ba shi shekara huɗu kuma ƙasar nan tana matuƙar bukatarsa. Digiri dai somin-taɓi ne. Ka ba shi wasu shekaru biyar na aiki da hannu a ƙarƙashin wanda ya fi ka, wanda zai dubi ƙwayoyin cutar da ka shuka a farantin gwaji ya ce ka sake, har ka kai inda in an kawo samfurin ruwa ko na jini mai rikitarwa kai za a nema. A cikin sauran abubuwan, rubuta manhaja ita ce ta fi kusa da turken, don haka ita za ka ɗauka da gaske ta biyu, kuma kada ka koye ta a iska. Ka ɗauki aiki na zahiri, misali rijiyoyin unguwar da kake hidimar ƙasa: ka auna ruwansu a damina da rani, ka rubuta 'yar manhajar da za ta ɗora sakamakon a kan taswira, ka tambayi dattawan unguwar inda tsofaffin kududdufai da masai suke kafin a yi gine-gine. A nan son tarihinka zai yi maka aiki, domin dattijo ba ya buɗe baki sai ga wanda ya iya tambaya ya kuma iya saurare.

Nahawu kuwa kada ka bari ko kusa, tunda shi kaɗai ne a jerin naka yake da malami mai gyara maka, amma ka tsaya a kan littafi ɗaya har ka sauke kafin ka buɗe wani. Falaki ya jira. Ka sayi littafin rubutu ka riƙa ajiye tambayoyin da suke taso maka a kansa, da kwanan wata, ba tare da ka bi kowace ba a ranar da ta zo. Bayan shekara ka buɗe ka duba. Za ka tarar mafi yawansu sun mutu da kansu, waɗanda suka rage da rai kuwa su ne suka cancanci ka nemi malaminsu.

Game da kawunka, kada ka yi masa gardama da sunayen Albiruni da Suyuɗi, domin ba hujja yake nema ba, tsoro yake ji kada ka tashi a tutar babu. Ka je ka gaishe shi, ka gaya masa fannin da ka tsayar da inda kake son kai wa nan da shekara biyar, ka roƙe shi ya sa maka albarka. In taswirar rijiyoyin ta kammala, shi za ka fara kai wa ya gani.